Ya'u Bai Ce In Sha Allahu Ba

Rauda fa muguwa ce in ta zauna rubutu. Ita ke tsara wasan kwaikwayon da ake sakawa a rediyo duk Asabar, kuma duk Daura an san halinta. Da zarar ɗan wasa ya ce "zan dawo" bai ƙara da "in sha Allahu" ba, to shi ke nan, ta gama da shi. Ko taya ta fashe, ko sa ya tsinke igiya ya yi kansa. Mata har ihu suke yi wa rediyo: "Kai, faɗi mana!" Ita kuwa dariya take, wai labarin da komai ya tafi daidai ai ba labari ba ne.

Ran nan mijinta Ya'u, dillalin awaki, ya tada babur zai tafi kasuwar Zango. "Kafin la'asar zan dawo," ya ce, ya ja. Sai da ƙarar babur ta ɓace sannan ta farga. Bai faɗa ba!

Wai ta zauna ta yi rubutu. Ina! Ta ɗora tukunya, ta manta ba ta hura wuta ba. Ta share tsakar gida har sau biyu. Ta kira wayarsa, a kashe. Kan nan nata kuwa da ya saba da aikinsa sai jero mata yake: ga kwanar hanya, ga tirela, ga akuya ɗaure a baya tana fizga. Ta yi a'uziyya, ta yi ta faɗin in sha Allahun a madadinsa, amma tsoro ya ƙi sakinta.

Aka kira la'asar, shiru. Aka idar, shiru. Ta ja mayafi ta tsaya a zaure.

Can sai ga Ya'u ya faka hankali kwance, har da tsarabar rake.

"Malam, me ya faru?"

"Me kuwa zai faru? Ciniki ne ya ja, waya kuma caji ya ƙare."

Ta sulale a dokin ƙofa ta fashe da kuka.

"Subhanallahi! Rauda, wa ya rasu?"

"Maza tara na kashe a hanyar nan cikin wasana," ta ce. "Ko sau ɗaya ban taɓa rubuta matar da ke tsaye a zaure tana jira ba."