Ranar da Mai Rijiya Ya Koyar a Waya

"Kashe fankar nan," in ji tsohon. "Za su ɗauka jirgi ne ya sauka a ɗakina."

Maƙwabciyarsa tela ta miƙa hannu ta kashe. Ta rufe tagar da ke kallon titi, ta jawo kujera kusa da gadon, ta ɗora wayarsa a kan matashi daidai haɓarsa. Ɗansa yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

"Baba, likita ya ce a kawo ka da safe. Ga rana har ta ɗaga."

"Likita ba guduwa zai yi ba. Yau ni ke da aji."

"Wane irin aji kuma, kana numfashi da ƙyar?"

"Ko ka zauna ka yi shiru, ko ka jira ni a mota. Makullin nan ma sa shi a aljihu, yana ƙara."

Ɗan ya dubi telar kamar ita ce za ta raba gardamar. Ta sunkuyar da kai tana goge fuskar wayar da gefen mayafinta. Ya zauna a kan akwati.

Ajin na waya ne. Wata ƙungiya mai kula da tsofaffi da majinyatan da ba sa iya fita ce ta shirya shi. Kowace Laraba sai kowa ya kira lamba ɗaya, ya danna lambar shiga, ya tsinci kansa cikin muryoyin sauran. Ba mai ganin wani. Malamar da ke jagorancin ajin takan gayyato nas ko lauya su yi bayani, a ƙarshen wata kuma ta ba ɗaya daga cikin ɗalibai fili ya koyar da abin da ya sani. Dokokinta kaɗan ne, amma ba ta wasa da su: ka faɗi ko kai wane ne kafin ka yi magana, ka rufe muryarka idan ba kai ke da layi ba, kada ka katse kowa, kada kuma ka ci lokacin wani.

Tsohon ya karya dukkansu a makonsa na farko. Ya shiga da rediyo a kunne, ya yi ta kwarara "Halo! Halo!" har telar ta jiyo shi ta bangon da ya raba ɗakinsa da shagonta. Ta bar keken ɗinki ta leƙo ta ga ko lafiya. Tun daga ranar ita ke danna masa waya. Yana kiranta Almakashi, wai ita ke datse masa magana.

Haƙar rijiya ya yi duk ƙuruciyarsa, ƙurar ramin kuwa ta zauna masa a huhu. Da aka ce watan nan nasa ne, shi da kansa ya kawo dabarar: ita za ta zuba wa ƙirjinsa ido, da ta ga tari na tahowa sai ta rufe muryar, idan ya lafa ta buɗe. Bai yarda mutane su sha tarinsa a kunne ba. Malama ta amince, ta kuma gaya wa ajin cewa duk sanda layinsa ya yi tsit, a jira shi, kada wanda ya sa baki.

Telar ta kira lambar, ta sa a sifika. Muryoyi suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ungozoma ce, na shigo. Ina kwananku."

"Direba ne. A yi haƙuri, na ɗan makara, ƙafar ce ta ƙi tashi."

"Hedimasta ne. Akwai wanda zakaransa ke neman shiga aji, a taimaka a rufe masa baki."

Aka yi dariya. Malama ta gaishe su, ta ce kowa ya rufe muryarsa, sannan ta ce, "Baba Mai Rijiya, layi naka ne."

Ya gyara kwanciya a kan matasan da aka jingina masa.

"Mai Rijiya ne," ya ce. "Wanda bai taɓa shiga rami ba, yau zan shigar da shi, in kuma fito da shi lafiya."

Ya fara da ƙasa: yadda ake gane wadda za ta riƙe kanta da wadda za ta rufta, yadda yashi ke yaudarar mai gaggawa. Ya yi maganar igiya, ya ce kada mutum ya sauka da igiyar da bai bi ta da hannunsa daga kai har gindi ba. Telar ba ta kallon fuskarsa. Kafaɗunsa take kallo. Idan suka ɗan ɗaga, wuyansa ya kumbura, sai ta taɓa alamar rufe murya. Tarin ya zo ya girgiza gadon, ta miƙa masa tsumma da ruwa, ta sake taɓawa, ya ɗora daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru. A wayar kuwa ko motsi babu.

Ɗan ya miƙe a tari na uku. Uban ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya koma ya zauna.

Tari na gaba ya fi na baya tsawo. Da ta karɓi tsumman ta ga ɗigon ja a jiki, sai ta dunƙule shi a hannu don kada ɗan ya gani, ta taɓa wayar ba tare da ta duba ba.

"Yanzu ga abin da ya sa na ƙi tafiya asibiti," in ji tsohon. Muryarsa ta ragu, amma kowace kalma tana fita daram. "Tsohuwar rijiya tana tara muguwar iska. Ba ta da wari, ba ta da launi. Kafin kowa ya sauka, a zura fitila mai wuta da igiya. Idan ta mutu, kada a shiga. Idan kuma wani ya riga ya shiga ya faɗi a ciki, to ku ji ni da kyau: kada ku bi shi. Ko ɗanka ne. A kira masu ceto, a yi ta zura rassan ganye ana jawowa don iskar ta motsa. Na taɓa fito da mutum biyu daga rami ɗaya, lebura da maigidan da ya bi shi. Ku gaya wa 'ya'yanku, ku gaya wa jikokinku. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Ya lumshe ido, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Suka jira. Wayar ba ta ce komai ba.

Can sai muryar Malama ta fito a hankali. "Malama ce. Baba, muna nan, ba mu gaji ba. Idan ka huta ka ci gaba. A kan maganar igiya ka tsaya."

Telar ta dubi fuskar wayar. Alamar rufe murya tana nan ja. Yatsanta bai taɓa ta ba. Duk abin da ya faɗa tun bayan tarin, mutum biyu kaɗai suka ji shi, ajin kuwa yana can yana jira kamar yadda aka ce ya yi.

"Baba," ta ce, "ban buɗe ba."

Ya buɗe ido ya dube ta. Ya ja numfashi zai sake farawa, sai wani shaƙaƙƙen sauti ya fito maimakon magana. Ya sake gwadawa. Haka dai.

"Ya isa haka," in ji ɗan. "Wallahi ya isa. Mu tafi."

Tsohon ya damƙe ƙarfen gadon. Da ɗaya hannun ya tura wayar zuwa ga telar.

"Ni?" ta ce. "Ban taɓa magana a ciki ba."

Ya gyaɗa kai. Ta taɓa alamar, wannan karon tana kallo, ta buɗe baki ta ce, "Ya ce tsohuwar rijiya—"

Ya ƙwanƙwasa mata gwiwa da yatsa. Leɓɓansa suka motsa: wace ce?

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Maƙwabciyarsa ce, tela. Laifina ne, na bar muryar a rufe. Ya riga ya faɗi sauran, kuma ba shi da numfashin maimaitawa. Malama, idan kin ba ni izini, zan faɗa yadda na ji."

"Malama ce. Bismillah, muna saurare."

Ta faɗa. Ta fara da fitilar, ta zo kan wanda ya faɗi a ciki. Da ta tsallake "ko ɗanka ne", ya sake ƙwanƙwasa mata gwiwa, ta koma ta sa. Ba ta ƙara komai nata ba.

"Direba ne," in ji wata murya bayan Malama ta buɗe fili. "Surukina zai yashe rijiyar gidansu ranar Asabar. Fitilar, har ƙasa za a kai ta, ko rabin rami ya isa?"

Tsohon ya nuna ƙasa da yatsa, ya danna shi a kan katifa.

"Tela ce. Ya ce har ƙasa."

"Direba ne. Na gode, Baba. Yanzun nan zan kira shi."

"Ungozoma ce. Baba, ka tafi asibiti haka nan, ka ji? Muna jin numfashinka."

Tsohon ya yi wani abu mai kama da dariya. Bai saki ƙarfen gadon ba sai da Malama ta yi godiya ta rufe aji. Sannan ya dubi ɗansa ya ce, da ɗan abin da ya rage masa na murya, "To, ɗauke ni."

Ɗan ya ɗauke shi cak kamar yaro. Telar ta bi su da matashi har mota, ta tsaya a bakin titi sai da suka sha kwana.

Ya rasu ranar Juma'a a asibiti. Matar ɗan ce ta zo ta faɗa mata, ta roƙe ta ta taya ta kwashe kayan ɗakin. Suka naɗe katifa, suka zuba tufafi a buhu. A ƙarƙashin gadon telar ta sami takalmansa na roba, dugadugan sun cinye ta gefe ɗaya. Ashe ba takalmi a ƙafarsa aka fita da shi. Ta kakkaɓe su, ta jera su a bakin ƙofa, ta ci gaba da shara.