Rigar Mai Goyo

Illo ya ɗan datsi bakin yadin da almakashi, ya kama da hannu biyu ya ja. Kyaat! Ƙarar ta ratsa kukan matan da ke zube a kan yashi. Likkafani na goma sha ɗaya ke nan. Sarkawa masunta na cikin ruwa har yanzu, suna nutso a inda jirgin kasuwa ya daki kututture ya dare.

Shekara tara, duk ran da ruwa ya ci mutane a tafkin da ke gefen Wara, Illo mai yadi yakan rufe shago, ya ɗaura bandir na alawayyo a bayan babur ya gangaro. Ba ya tambayar gawar ta wane gida ce.

"Allah ya saka, Malam Illo."

Ya miƙa wa matan likkafanin. An fito da Yasira, ɗiyar Kande mai bandar kifi. Wata huɗu da suka wuce ita ce a shagonsa, tana zaɓen atamfar suna, tana kushe masa kaya tana dariya. Ya auna tsawonta da ido, ya yanka. Daidai, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan: idonsa ya ƙware.

* * *

Bayan mako uku ya dawo daga birni da ƙunshi biyu na rigunan ruwa masu hana nutsewa, masu ruwan lemo, cike da soso. Rabin kantocin shagonsa sun koma fayau, don yadin ya sayar ya sayo su. Ya zube rigunan a gaban Maikuɗi, matuƙin jirgin da ke ƙetarawa ran kasuwa.

Maikuɗi ya ɗaga guda ya matsa ta. "Malam, wannan abu ƙiba yake ƙara ma mutum. Bencin mutum shida ya koma na huɗu. Da mi zan zuba ma inji mai?"

"Ka koma kan likkafaninka, mai yadi," in ji wani dillalin albasa. "Can ladar take tabbas. Wanda kwanansa ya ƙare, ko tayar tirela ya ɗaura sai ya tafi."

Aka yi dariya. Kande ce kaɗai ba ta yi ba. Tun rasuwar Yasira, ita ke ƙetarawa da kwandon kifin, jikarta Mufida a bayanta, don babu wanda za a bar wa ita. Ta ɗauki riga guda ta jujjuya.

"Ni zan sa, Malam. Amma duba." Ta juya masa baya, ɗan kan jaririyar na lilo. "In na ɗora a kanta, ta shaƙe. In na sa daga ƙasa, majanyi ba ya kamawa. Wanda ya ɗinka wannan bai taɓa ganin mai goyo ba."

Illo ya dubi matan da ke jiran jirgi. Kusan kowace da goyo. Kunya ta kama shi kamar shi ya ɗinka.

"Ba ni ita, Inna."

* * *

Kwana uku keken ɗinkinsa bai huta ba. Ya farke bayan rigar, ya mai da soson gefe da ƙirji, ya yi wani aljihu inda ɗuwawun yaro za su zauna. Ran na huɗu da hantsi ya gangara bakin ruwa, ya cika ƙaramin buhu da dawa, ya goya shi da majanyin matarsa.

Masu wanki suka bar wanki.

"Jama'a, Illo ya haihu!"

"Yaushe suna, Malam? Mu kawo sabulu!"

Bai iya ruwa ba, kowa ya sani. Ya shiga har gwiwa, har ƙugu, ya ɗauke ƙafafunsa. Nan take rigar ta kwantar da shi rigingine, buhun ya nutse a ƙarƙashinsa. Ya sha ruwa sosai kafin wani Basarke ya cafko shi. Ya zauna a yashi yana tari, yana kallon jiƙaƙƙen buhun. Da Mufida ce a bayansa, da ta nutse.

Ya koma kan keke. Karo na biyu ta kifa shi rub da ciki. A na uku ya tsaya cak a cikin ruwa kamar gora, kan buhun a bushe a bayan wuyansa. Ya daɗe a haka, yana jujjuyawa a hankali. Babu wanda ya ƙara maganar suna.

* * *

Ran kasuwa da kansa ya ɗaure wa Kande igiyoyin rigar, ya zura yatsa tsakanin soso da cikin jaririyar.

"Ba ta matse ta ba?"

"Barci ma take. Saura na sauran mata, Malam."

"Ina kan su. Kowace ta kawo mini majanyinta in auna."

Maikuɗi ya ɗaga masa hannu daga wurin inji. "Kayanka sun yi amfani fa, mai yadi! Allah ya ƙara arziki!"

Illo ya leƙa cikin jirgin. An shimfiɗe sauran rigunan a ƙasa, an jera buhunan albasa a kansu, kada ruwan da ke tsattsafowa ya ruɓar da ita. A kan buhunan babura uku. A kan benci mutum shida-shida.

Injin ya tashi. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannu ba. Illo ya tsaya a yashi yana bin ɗigo ɗaya mai ruwan lemo da ido, a tsakiyar kawuna fiye da saba'in, har hasken rana a kan tafkin ya hana shi gani.