Hasken Fuskar Ciyaman

Mai hoto mutum ne mai ji da aikinsa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, da labule mai ruwan toka a bango, da kujera guda, da manyan fitilu biyu masu lema. Kowace fitila tana da ɗan ido a ƙeya: da ta hango walƙiyar filashar kyamararsa, sai ita ma ta haska. In sun haska sai sun ɗan numfasa kafin su sake. Da waɗannan fitilu yake fito da mutum yadda Allah ya yi shi, har da tabon goshi.

Wata safiya sabon ciyaman na ƙungiyar masu gidajen haya ya zo a ɗauke shi hoton da za a rataya a ofis. Ƙanin matarsa na biye da shi, rataye da 'yar kyamarar da ya saya kwanan nan.

Mai hoto ya zaunar da Ciyaman, ya gyara masa hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga haɓa."

Kafin ya danna, sai ɗakin ya yi wal. Ƙanin matar ne ya riga shi daga bayan kafaɗa, fitilun kuwa ba su san kyamarar maigidansu da ta baƙo ba, suka bi. Da mai hoto ya danna tasa, babu sauran haske. Hoton ya fito duhu, sai idanun Ciyaman kamar na mage a lungu.

"Malam, don Allah ka dakata in gama," in ji shi.

"Ai na tarihi nake ɗauka wa Yaya," ƙanin ya amsa, ya sake dannawa.

Da ƙyar mai hoto ya samu guda mai kyau, lokacin da wayar ƙanin ta yi ƙara ta ɗauke masa hankali. Hoto ne na nunawa a gasa. Ciyaman ya ƙura masa ido, fuskarsa ta canja.

"Wannan tsohon fa? Ni ne da waɗannan jakunkuna a ƙarƙashin ido?"

Sai ƙanin ya miƙo tasa kyamarar. Haske ya yi mata yawa har ya cinye fuskar: babu tamoji, babu hanci, sai farin fili tsakanin hula da wuyan riga, da ɗigo biyu inda idanu suke.

Ciyaman ya yi murmushi. "Yauwa. Ka ga mutum mai annuri. Wannan za ka wanke mini, kuma ka koyi aiki wurin yaron nan."

Mai hoto ya so ya yi bayani, amma ya tuna shagon nan ma na Ciyaman ne. Sai kawai ya wanke.

Ba a daɗe ba sai ga mataimakin Ciyaman, cikin farar rigar ƙungiya da hularta, yana son "irin na maigida". Sai sakatare, sai ma'aji, sai sauran 'yan kwamiti. Da farko mai hoto yakan ɗauki guda mai kyau ya nuna, ko wani zai ji kunya. Babu wanda ya ji. Daga baya ya daina wahalar da kansa: ya ƙure fitilun, ya buɗe idon kyamara, ya danna yana kallon bango. Da ya kai wa matarsa kuka, cewa ta yi, "Maigida, ka yi shekaru kana nuna wa mutane fuskarsu suna tsaki. Yanzu da ka ɓoye ta suna godiya, mene ne abin damuwa?"

Bayan wasu watanni aka yi wa ofishin fenti, aka sauke hotunan aka jingine su wuri ɗaya. Da aka zo mayarwa rigima ta tashi, domin firam iri ɗaya ne, riga iri ɗaya, fuska kuwa babu. Sakatare da ma'aji har sun kama hoto guda suna ja. Aka aika a kira mai hoto.

Ya tsuguna ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Shi ma bai gane kowa ba, sai guda ɗaya: ma'aji yana da manyan kunnuwa, kuma haske bai kai ga cinye su ba. Yana ɗaga shi zai miƙa wa mai shi, Ciyaman ya karɓe.

"Wannan ai ba sai an tambaya ba. Dubi kwarjini."

Ma'aji ya dubi kunnuwansa a hoton, ya dubi Ciyaman, ya ja da baya. Mai hoto ya raba sauran yadda hannunsa ya kai, kowa ya karɓi nasa yana cewa dama shi ya yi zato. Aka rataya hoton ma'aji a saman kujerar Ciyaman, kuma har wa'adin Ciyaman ya ƙare masu haya suna shigowa suna yaba yadda hoton ya yi kama da shi.