Gurbin Rigar Badamasi

Takaba ta hana Yagana leƙa ƙofar gida, ruwan kogin Haɗejiya kuma ya hana kowa shigowa garin. Tun da ambaliya ta cinye hanyar Kafin Hausa, ba ta da aiki sai kallon katanga, har ta haddace kowace tsaga da ke jikinta.

Don kada zaman ya haukata ta, sai ta zazzage buhun ƙyallayen da ta daɗe tana tarawa, ta ce bari ta harhaɗa su ta ɗinka mayafin rufa. Ta jera su a tabarma, ta bar gurbi a tsakiya. A nan ne take son sa shuɗiyar rigar mijinta Badamasi, wadda yake zuwa gonar shinkafa da ita, duk ta koɗe a kafaɗa.

Ta ɗora almakashi a kan rigar ke nan, Ummussalma, yayar marigayin, ta riƙe mata hannu.

"Ajiye, Yagana. Ba a raba gado ba. Ko maɓallin rigar nan akwai haƙƙin marayu a ciki."

"Yaya, tsumma ne fa. Marayun ma ni na haife su, kuma su zan rufa."

"Na sani. Ki bari malam ya zo ya raba."

Malamin kuwa yana can ƙetaren ruwa.

Yagana ta ninke rigar ta mayar akwati. Ta ɗinke ƙyallayen gefe tsaf, har suka zagayo suka haɗe. Da ta ɗaga aikin don ta duba, ta cikin gurbin tsakiyar, katangar nan ta sake gani.