Kantar Ƙafar Dogo

Kanta ce kawai, a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu, daidai inda Dogo yake taka kuloci. Shekara da shekaru yana jan bas ɗin kamfani a cikin gari, tsaya nan, tashi can, ƙafar nan ba ta san hutu ba. Da ita yake ci, da ita yake ciyar da gidansa. Kantar ba ta yi masa ciwo, amma ta yi tudu har takalmi ya fara gardamar shiga.

Bakaniken gareji ne ya tarar da shi a bakin famfo yana feƙe ta da reza.

"Dogo, naman ƙafar taka za ka rarraba mana? Bar wannan hauka. Je kemis ka ce a ba ka ruwan kanta. Ɗigo ɗaya za ka ji shi har tsakar ka, kamar harbin kunama, sai ta ɓare da kanta."

"Kai da sabulu ya yi sallama da hannunka, yau kai ne likita?"

Ya dai je ya saya. 'Yar kwalba ce da tsinke a jikin murfinta. Mai kemis bai tambaye shi komai ba, shi ma bai ce komai ba. Alhali akwai abin faɗa. Tun bara likita ya gaya masa yana da ciwon suga. Ya ɓoye wa kamfani don kada a sauke shi daga sitiyari, ya ɓoye wa gida don kada a mai da shi abin tausayi, a riƙa sa masa ido a kofin shayi.

Tumbinsa ya hana shi sunkuyawa, sai aikin ya faɗa kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Kullum ya dawo da yamma za ta ja kujera, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta ɗiga.

"Da zafi, Baba?"

"Ko alama. Ruwan famfo suka sayar mini. Ƙara."

"An ce ɗigo ɗaya fa."

"Ɗaya na masu ƙafar ofis ne. Wannan ƙafar direba ce, Hajiya likita. Ƙara, na ce."

Ta yi dariya, ta ƙara. A ganinsa maganin da bai yi zafi ba bai fara aiki ba, don haka aka yi ta ƙarawa, har yana malala gefe. Fatar ta yi fari fat, ta ɓare, a ƙarƙashinta aka sami ɗan rami. Ya ce ai saiwar ce ta fita. Ya manna filasta, ya ja safa, ya koma bakin aikinsa. Tun daga nan bai ƙara barin kowa ya ga ƙafar ba.

Hancin matarsa ne ya tona.

"Baban Auta, cire safar nan."

"Zufa ce."

"Na san warin zufarka tun ba ka da furfura. Cire."

Safar ta manne, sai da aka jiƙa ta. Yatsan ya yi baƙi, bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi. Matar ta dafe ƙirji tana salati. Shi kuwa kallon abin yake kamar ƙafar wani, don ko ɗigon ciwo ba ya ji.

A asibiti wata nas mai gilashi ta juya kwalbar a hannunta, ta dubi sakamakon jininsa.

"Baba, ka san kana da suga?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa ta juyo ta zuba masa ido.

"Wannan asid ne, salisilik, ɗan'uwan asfirin ɗin da kuke sha," in ji nas. "Magani ne mai kyau. Yana cinye matacciyar fata, masu kanta da masu ƙuraje suna amfana da shi. Amma in ya gama da matacciya, mai rai yake shiga. In wani ne, zafi zai sa ya daina. Kai suga ya kashe maka ji a ƙafa, jini kuma ba ya isa can sosai, shi ya sa ramin ya ƙi warkewa."

Aka yi ta allura, aka yi ta wanke ciwo. Daga baya aka cire yatsan. Dogo bai karaya ba. Ya ce ai kuloci ba ya tambayar yatsu nawa ne da kai. In ɗakin ya yi shiru sai ya riƙa danna ƙarfen gadon da diddige, yana sakewa a hankali, hannunsa na dama yana sa giya a iska.

Bakanike ya zo dubiya da lemo a leda. Ya zauna yana juya ledar a hannu.

"Ka yi shiru, likita," in ji Dogo yana tsokanarsa. "Wa aka ba motata?"

"Tana nan tana jiranka."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau."

"Sabon direban nan ne," ya ce, idonsa a ƙasa.

Baƙin bai tsaya inda aka yanke ba. Ya haura, zazzaɓi ya biyo shi. Wata safiya babban likita ya buɗe bandeji, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa ƙasa da gwiwa.

"Daga nan."

"A sallame ni," in ji Dogo. "Ƙafata ce."

"Taka ce. Za ka iya tafiya da ita gida, amma ba za ta bar ka ka daɗe ba. Ruɓar ta fara shiga jini."

"To in ci da me, likita?"

Likitan ya mai da bandejin, ya rufe ƙafar.

Sai a lokacin Dogo ya lura da Auta. Tun da aka kwantar da shi iyakarta bakin ƙofa, ta miƙa kwanon abinci ta juya. Ta rame, idanun sun faɗa. Ya yafito ta. Ta tako kamar mai tafiya kan ƙaya, ta tsaya nesa da ƙafar.

"Baba, ni ce ko?"

"Ke me?"

"Ni na riƙa ƙarawa."

"Ke wace ce da za ki cire mini ƙafa? Ko tukunya ba ki iya saukewa ke kaɗai. Sugana ne, nawa, ni na ajiye kayana. Kar in ƙara ji."

Ta durƙusa, ta kifa fuska a kan zanin gadon, kafaɗunta suna rawa. Ya ɗora hannu a kanta, ya dubi matarsa, ya dubi silin. Ya ga in ya tafi gida da ƙafar nan, yarinyar za ta ɗauki gawarsa a ka har tsufanta.

"Likita," ya ce. "Ka yi aikinka. Amma kada ka wuce inda ka nuna."

Da rana tsaka suka zo da gadon da ake tura marasa lafiya zuwa ɗakin tiyata. Ya hana su ɗaga shi. Ya sauko da kansa, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu na ɗan lokaci, yana riƙe da kafaɗar matarsa, sannan ya hau ya kwanta.