Tagar da Ke Kallon Tafki

Sada na cikin kwaɓa laka a bayan gidan sai matarsa Sa'a ta leƙo.

"Baban Zuhura, ba an ce ko ƙusa kada a buga ba?"

"An ce," ya amsa, bai ɗago ba. "Wanda ya ce ɗin a Katsina yake kwana."

Gidan fari ne, na kankare, a bakin tafkin da ke hanyar Kusada. Wani Bature ne ya gina shi tun kafin yaƙin duniya na biyu, rufinsa a shimfiɗe babu kwano, tagoginsa kewayayyu irin na jirgin ruwa, duk suna fuskantar tafkin. Tsofaffin garin Ƙofa da ke kusa sun ce mutumin ɗan bakin teku ne, kewar gida ta sa ya yi wannan gini. Bana masu kula da kayan tarihi suka ɗauki Sada gadi, suka ba shi ɗaki ya tare da iyalinsa, bisa sharaɗin ba za a sauya komai ba.

Tun da suka tare, 'yarsa Zuhura ta daina wasa. Sai ta hau kujera ta manna fuska a gilashin taga, tun hantsi har la'asar. Jiya ya tambaye ta abin da take kallo.

"Baba, mutumin ya ce wannan ruwan ƙarami ne. Nasu ba shi da ƙarshe."

"Wane mutum?"

Murmushi kawai ta yi.

A inda Sada ya tashi, ɗaki ba ya buɗe ido haka yana kallon waje. Ya jera tubali a cikin tagar, ya yaɓe, ya tofa addu'a. Ɗakin ya yi duhu, shi kuma ya ji sanyi a ransa. Ya wanke hannu ya tafi masallacin bakin titi.

Da ya dawo daga azahar, Sa'a na tankaɗe a inuwa.

"Ina yarinyar nan?"

"Ba tana ɗaki ba?"

Ba ta ɗaki. Sada ya zagaya gidan a guje, ba takalmi. Can ya hango ta cikin tafkin, ruwa har ƙirji, tsaye cik, ko motsi ruwan ba ya yi. Ya faɗa ya sunkuce ta. Jikinta sanyi ƙalau, amma ba ta yi kuka ba.

"Ka rufe mini shi, Baba," ta ce a kunnensa. "Shi ne mutumin ya ce to in matso kusa."

Ya kawo ta gida. Ya ɗauki fartanya ya fasa yaɓen da bai ko bushe ba, ya kwashe tubalan, ya wanke gilashin tas. Da hannunsa ya mayar da kujerar gindin tagar, ya ɗora Zuhura a kai, ya ja ƙofar ɗakin.

Bayan la'asar motar ofis ta iso. Malam Abdullatif, jami'in kayan tarihi, ya zaga gidan yana ɗaukar hoto da wayarsa.

"Madalla, Malam Sada! Har gilashi ka wanke. Da wasu ne, da tuni sun toshe tagogin nan da laka."

Sada ya matso kusa da shi.

"Yallaɓai, shi mai gidan nan, ya koma ƙasarsu kuwa?"

Jami'in ya ɗan yi tunani, ya ɗaga kafaɗa.

"Wallahi ban sani ba. Mu ginin muka zo adanawa."

Motar na tashi, Sada ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin. Ya zauna ya jingina bayansa da ƙyaure, ya fuskanci ruwan.