Ƙararrawar da Aka Rufe wa Baki

"Kawu, kwana nawa ka ce?"

"Goma sha tara, 'yata. Sau uku na ƙirga, ko Allah zai sa ya ragu."

Ya faɗa da murmushi, irin wanda gara a ce kuka ya yi. Suna tsaye a ɗakin sabar, babbar kwamfutar da ke adana bayanai, sanyi na ratsa ƙashi, amma ita gumi ne ke bin gadon bayanta. Da safiyar nan faifan da ke riƙe da rumbun bayanan ɗakin gwajin jini ya mutu murus. Da farko ba wanda ya damu, tunda kullum na'ura kan ɗauki kwafi ta adana. Sai da Kawu ya buɗe ma'ajiyar ya tarar an kwana goma sha tara ba a ɗauki ko ɗaya ba. Sakamakon mutum sama da dubu ya salwanta. Dole a kira su ɗaya bayan ɗaya, har da tsofaffi da masu ciki, su dawo a sake huda musu hannu.

Ba kawunta ba ne na jini. Shi ne babban injiniyan da ya koya mata aikin tun ba ta san inda ake kunna injin ba, kuma wata biyu kacal ya rage ya yi ritaya.

"Mun sa ƙararrawa," in ji shi. "In kwafi ya gaza, wayata da taki sai sun yi ihu. Ashe rufe mata baki aka yi." Ya juyo mata da allon kwamfutar. "Ga shi, ranar Asabar, biyu da minti goma na rana. Da sunana aka shiga."

Ta san Asabar ɗin nan kamar tafin hannunta. Ranar ce mijinta ya fita da ita cin abinci, karo na farko tun aurensu. Wayarta ta yi ta tsuwa a kan tebur saboda wani ƙaramin gargaɗi mara amfani, har ya ajiye cokali ya ce, "Ranki ya daɗe, Injiniya, yaushe ne layi zai zo kaina? Awa ɗaya nake roƙo." Ta yi dariya, ta shiga shafin sa ido da kalmar sirrin Kawu, wadda ya ba ta tun tuni don nata asusun ba shi da izini. Cikin sauri ta kashe gargaɗin gaba ɗaya, ta bar gurbin lokacin da zai sake kunna kansa ba ta cike ba. Ta ce in sun koma gida za ta kunna. A hanya ya riƙe mata hannu, ita kuwa ta manta da duniya.

Abin da ya fi ci mata rai, ita da Kawu sun ji daɗin shirun sabar. Kawu har tsokana yake yi, wai sabar ta shiryu tunda ta ji zai tafi.

"Kawu..."

"Ni dai na tuna ranar jikoki ne suka hana ni sakat," ya katse ta, yana goge tabarau, bai kalle ta ba. "Amma tsoho da mantuwa, wa ya sani? Manaja na jirana. Ya ce takardar godiyar da suka rubuta min za ta koma ta sallama. Takarda ce dai. Ke kuwa yanzu kika fara."

Sai a nan ta gane ya sani. Ya sani tun kafin ya juyo mata da allon. Shekara talatin yana gadin bayanan mutane, ko layi ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba, ga shi zai fita da sunan sakaci saboda awa ɗayan da ta ba kanta. Hawayen da take dannewa suka ƙwace.

Ya ɗauki fayil ɗinsa ya nufi ƙofa. Ta riga shi, ta tsaya a bakinta.

"Ki matsa, 'yata, kada ki ɓata min shiri."

Ta share fuska da bayan hannu, ta karɓe fayil ɗin daga hannunsa.

"Wallahi ba zan matsa ba, Kawu. Zauna. Ni na rufe ƙararrawar nan, kuma ni zan shiga in faɗa wa Manaja yanzu."